Bodiam: gidan barden da ruwa ya kewaye

A watan Oktoba na shekarar 1385 fadar Sarki Richard na Biyu na Ingila ta fitar da wata takarda ga wani barde mai suna Sa Edward Dalyngrigge. Takardar ta ba shi izinin ya kewaye gidansa da ke ƙauyen Bodiam, a yankin Sussex na kudu maso gabashin ƙasar, da bangon dutse, ya yi wa saman bangon haƙora irin na ganuwa, ya mai da shi kagara domin kare ƙasar da ke kewaye da kuma tare abokan gaban sarki. Dalyngrigge ya karɓi takarda, amma tsohon gidan nan bai ɗora masa ko dutse ɗaya ba. Sabon fili ya zaɓa a gangaren da ke kallon kogin Rother, ya sa aka haƙa, aka yi datsi, aka tara ruwan idanun ruwa da ke wurin, sannan ya dasa sabon gini a tsakiyar ruwan.

Wanda ya ga hoton Bodiam ko sau ɗaya da wuya ya manta shi. Gini ne mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da doguwar zagayayyiyar hasumiya, a tsakiyar kowane bango kuma da wata hasumiyar ko ƙofa, duka yana zaune cikin ruwa mai faɗi kamar tafki. Idan iska ta kwanta, inuwar ginin kan shimfiɗu a kan ruwan har mutum ya ga kamar gida biyu ne, ɗaya a tsaye ɗaya a kife. Bahaushe ba baƙon wannan dabara ba ne, domin ya san ganuwa, ya san gwalalon da ake haƙawa a bayanta. Bambancin shi ne ganuwar Kano ko ta Zazzau gari guda ta rungume, sarki da talaka da gonaki duk suna ciki. Irin wannan kagara ta Turai kuwa gidan mutum ɗaya ce, shi da iyalinsa da yaransa. Mutanen ƙauye a waje suke, suna kallon bangon daga ƙetaren ruwa. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar gardamar da masana tarihin Ingila suka shafe shekaru suna yi a kan ginin: shin don yaƙi aka yi shi kamar yadda takardar sarki ta ce, ko kuwa don nuna isa?

Kafin a taɓa gardamar, sai an san mutumin. An haifi Dalyngrigge wajen shekarar 1346, a gidan masu ƙasa na Sussex masu matsakaicin hali, irin waɗanda ke da doki da sulke da 'yan gandaye amma ba su kai a ji sunansu a fada ba. Ya tashi ya tarar da yaƙin da Ingila da Faransa suka fara a 1337, wanda bai ƙare ba sai 1453, shi ne ake kira Yaƙin Shekara Ɗari. Ga matashi irinsa wannan yaƙi kasuwa ce. Barde kan samu ta hanya uku: ganimar garin da aka ci, kuɗin da ake tilasta wa ƙauyuka su biya don kada a ƙone su, da kuɗin fansar babban mutumin da aka kama. Don a ga girman wannan ciniki, Sarki Jean na Biyu na Faransa da kansa an kama shi a fagen Poitiers a 1356, aka yanke fansarsa a kan tsabar zinariya miliyan uku.

Sunan da aka fi haɗa Dalyngrigge da shi a Faransa shi ne na Sa Robert Knolles, wani madugun sojojin haya ɗan Cheshire wanda ya taso daga ƙasa ya zama attajiri da kaifin takobi. Knolles ya yi ƙaurin suna wajen ƙone garuruwa. Dalyngrigge bai ɓoye alaƙarsa da shi ba, har ma ya sa aka sassaƙa tambarin gidan Knolles a saman ƙofar baya ta Bodiam, yana nan har yau. Ni dai duk lokacin da na kalli kyan ginin nan sai na tuna cewa wani kaso na kuɗin dutsensa daga rumbunan manoman Faransa ya fito, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba a rigimar sarakuna biyu.

Amma yaƙi kaɗai bai ba shi Bodiam ba, aure ne ya ba shi. Ya auri Elizabeth Wardieu, magajiyar gidan da ke riƙe da ƙasar Bodiam. A dokar Ingila ta wancan zamani, idan mai ƙasa ya mutu bai bar ɗa namiji ba, ƙasar kan faɗa hannun 'yarsa, mijinta kuma shi ke juya ta. Zuwa 1378 ƙasar tana hannun Dalyngrigge. Shi ya sa a saman babbar ƙofar gidan akwai garkuwa uku da aka sassaƙa: tambarinsa a tsakiya, na gidan Wardieu a gefe guda, na gidan Radynden, dangin mahaifiyarsa, a ɗaya gefen. Baƙo tun bai sauka daga doki ba ya karanta asalin maigidan da hanyar da ƙasa ta zo masa, kamar yadda maroƙi kan jero kakannin basarake kafin ya fito.

Hanya ta uku ita ce ubangida. Dalyngrigge yaron Richard FitzAlan ne, mai sarautar Arundel, wanda ya fi kowa ƙarfi a Sussex. Da wannan goyon baya ya wakilci Sussex a majalisar ƙasa sau da dama tsakanin 1379 da 1388. Da shi kuma ya yi abin da ƙaramin barde bai isa ya yi ba, wato ya ja da John na Gaunt, mai sarautar Lancaster, baffan sarki, mutumin da ya fi kowa dukiya a Ingila bayan sarki. Gaunt ya samu manyan filaye a Sussex, ciki har da dajin Ashdown, kuma masu ƙasar yankin sun ji jami'ansa na shiga musu hanci. Dalyngrigge ya shige gaba wajen tsokanar su. A 1384 aka gurfanar da shi gaban alƙalai, shi kuma ya cire safar hannunsa ta yaƙi ya jefa a ƙasa a tsakiyar kotu, ma'ana mai ƙararsa ya fito a raba gardama da takobi. Alƙalai ba su yarda ba, aka ci shi tara, aka tsare shi. Ubangidansa na Arundel ne ya sa baki aka sake shi, kuma bai daɗe ba ya koma kujerarsa ta majalisa. Shekara guda bayan wannan shari'a ya samu takardar gina kagara. Wanda ya ɗauki wannan jeri a matsayin katari kawai bai san halin masu neman girma ba.

To amma tsoron Faransawa ba ƙarya ba ne, kuma rashin adalci ne a yi kamar ƙirƙirarsa aka yi. A 1377 jiragen ruwan Faransa sun sauka a gabar Sussex suka ƙone garin Rye, wanda ke bakin wannan kogi na Rother. A 1380 aka far wa Winchelsea da ke maƙwabtaka da shi. A 1385, shekarar takardar, rundunar Faransa ta sauka a Sikotlan don a kai wa Ingila hari ta arewa, a shekarar da ta biyo baya kuma Sarki Charles na Shida na Faransa ya tara ɗimbin jirage a tashar Sluys, a gabar da ke fuskantar Ingila, da niyyar tsallakowa. Mutanen kudancin Ingila sun kwana da ido ɗaya. Bodiam na da nisan kimanin mil goma daga teku, amma a lokacin jiragen ruwa na iya bin Rother har su iso gadar ƙauyen. Ba Dalyngrigge kaɗai ya yi gini a wannan tsakani ba. John de Cobham ya gina kagarar Cooling a Kent, ya manna wani allon tagulla a ƙofarta da ke shaida wa mai wucewa cewa don taimakon ƙasa aka yi ta.

Akwai tsoro na biyu wanda takardar sarki ba ta ambata ba. Annobar da ta ratsa Ingila a 1348 da 1349 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Ma'aikata suka yi ƙaranci, ladan ƙwadago ya tashi, masu ƙasa suka yi doka don danne shi. Aka zo aka ɗora harajin kai sau uku cikin shekara huɗu don ciyar da yaƙi. A 1381 talakawan Kent da Essex suka yi bore, suka shiga Landan, suka ƙone fadar Savoy ta John na Gaunt ƙurmus, suka fille kan Simon Sudbury, babban limamin cocin Canterbury. Bodiam a bakin iyakar Kent yake. Duk mai ƙasa a yankin ya ga da idonsa cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma wanda zai iya zuwa ƙofarsa da wuta cikin dare ba lalle ne sai ya tsallako teku ba.

Yanzu mu bi hanyar shiga gidan kamar yadda aka tsara ta, domin a nan ne ginin ke bayyana kansa. Mai ziyara a yau kan bi miƙaƙƙiyar gada daga arewa. Da can ba haka abin yake ba. Gadar katako daga gabar yamma ta faro, ta bi ta gaban bangon arewa zuwa wani ɗan tsibiri mai kusurwa takwas, a nan mutum zai yi kwana zuwa dama, ya ratsa wani ƙaramin ginin tsaro da ke kan wani tsibirin, sannan ya iso babban zauren shiga. Ga mai kawo hari wannan tsari azaba ce, don garkuwa a hannun hagu ake riƙe ta, gadar kuwa ta sa ɓangarensa na dama, wanda ba kariya, shi ke fuskantar masu baka da ke kan bango. Zauren kansa yana tsakanin hasumiya biyu, yana da ƙyamare uku irin waɗanda ake sakowa daga sama. Na farkon, na itacen oak mai ɗaurin ƙarfe, yana nan a maƙale a wurinsa, kuma yana cikin 'yan ƙalilan na wancan zamani da suka rage a Ingila. A rufin zauren akwai ramukan da za a iya jefo wa na ƙasa abu ta ciki. A jikin hasumiyoyin akwai kafofi masu siffar ramin makulli, na ƙananan bindigogi, waɗanda a lokacin sabon abu ne.

Da an wuce zauren sai a tarar da gida sosai, gidan zama. Tsakar gida ce a buɗe, ɗakuna sun kewaye ta sun jingina da bangon waje. A kudu akwai babban ɗakin cin abinci da karɓar baƙi, kusa da shi madafi mai manyan murahu. A gabas turakar maigida da sashen iyali da ɗan ƙaramin coci. A yamma wurin barori da yaran gida. Hasumiyar kudu maso yamma tana da rijiya a ƙasa, a samanta kuma ɗakin tattabaru. Makewayi 28 aka ƙidaya a cikin ginin, kuma dukansu cikin gwalalon suke zubarwa. Wato ruwan nan da ke ɗaukar ido a hoto yana da wani aikin na yau da kullum, kuma mazauna gidan sun san shi da hanci a lokacin zafi.

Na dogon lokaci marubutan Ingila sun ɗauki Bodiam a matsayin cikakken misalin kagarar yaƙi. Lod Curzon, wanda za mu zo kansa, haka ya gan shi. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na ashirin wasu suka fara sa alamar tambaya, kuma wanda ya fi kowa zafafawa shi ne masanin tarihi Charles Coulson. Hujjojinsa masu nauyi ne. Na farko, gwalalon ba rami ne da aka haƙa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba, datsi ne na ƙasa ke riƙe da ruwan ta ɓangaren gangare, kuma 'yan mutane da shebur za su iya fasa shi ruwan ya tsiyaye. Na biyu, akwai manyan tagogi a jikin bangon waje, na babban ɗaki da na coci, abin da mai tsoron hari ba zai so ba. Na uku, akwai tudu a arewa da ke leƙa cikin gidan. Na huɗu, kafofin bindigar ba su iya juyawa su rufe fili mai faɗi. Ya kuma bi ɗaruruwan irin waɗannan takardun izini ya nuna cewa da yawa daga masu neman su ƙananan masu ƙasa ne da shugabannin coci da ke son shaidar kusanci da fada, yayin da wasu manyan ke gininsu ba tare da sun nemi takarda ba.

A ƙarshen shekarun 1980 kuma masu binciken hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila suka auna filin da ke kewaye da ginin. Suka gano alamun tafkuna da dama da aka yi da hannu, suka kawo ra'ayin cewa an tsara hanyar zuwa gidan ne ta yadda baƙo zai zagaya ta tsakanin ruwaye, ginin na bayyana masa kaɗan-kaɗan, yana ƙara girma a idonsa. Wani dandali da ke kan tudun arewa suka ce mai yiwuwa wurin tsayawa ne a kalli gidan daga sama. Daga nan ra'ayi ya juya, aka koma cewa Bodiam ado ne kawai, mafarkin tsohon soja da ya yi kuɗi.

A ganina kowane ɓangare ya kama gaskiya ta gefe ɗaya ya saki ɗayan, kuma tambayar ce tun farko aka yi ta a karkace. Mu ɗauki batun fasa datsi. Gaskiya ne za a iya fasa shi, amma wanda ya fasa ba busasshiyar ƙasa zai tarar ba, taɓo zai tarar mai zurfi da ƙazantar makewayi 28, ga masu baka a sama. Sannan wane irin maƙiyi ake magana? Idan rundunar sarkin Faransa ce da injinan rushe bango, Bodiam ba zai yi mako ba, kuma Dalyngrigge, wanda ya ga yadda ake cin garuruwa, ya fi kowa sanin haka. Amma waɗanda suka ƙone Rye 'yan hari ne da ke sauka da safe su kwashi abin da za su kwasa su koma jirgi kafin a taru musu. Masu boren 1381 kuwa da lauje da sanda da baka suka fito. Ga irin waɗannan, ruwa mai faɗi da ƙyaure uku sun isa su sa a nemi wani gidan mai sauƙi.

Raba ado da yaƙi kuma tunanin mutumin yau ne. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla ya ga barade cikin sulke da lifidi ya san kayan nan biyu suke yi: a fagen daga sun kare jiki, a gaban fada kuma sun faɗa wa jama'a wane ne wane. Kakaki ba makami ba ne, amma ba kowa ake busa wa ba, kuma jin sa kawai ya isa mutum ya gyara tsayuwa. Haƙoran ganuwa a Ingila ta ƙarni na sha huɗu haka suke. Abin da Dalyngrigge ya gina shi ne kwarjini, kuma kwarjini aiki yake yi. Yana magana da manomin da ke biyan haya, yana magana da jami'an Gaunt da suka kai shi kotu, yana magana da sauran masu ƙasar Sussex da ke zaɓen wakilin majalisa. Kar a manta kuma da cewa a 1383 ya samo izinin kafa kasuwa a Bodiam, daga baya ya samo na karkatar da ruwa zuwa injin niƙa. Binciken baya-bayan nan, wanda masanin kayan tarihi Matthew Johnson ya jagoranta, ya ƙara jawo hankali ga wannan ɓangare: tafkunan na kifi ne da na niƙa, ga mashigin jirage a bakin kogi. Gidan cibiyar tara dukiya ne, bangon kuma yana tsaron dukiyar.

Hasashen Dalyngrigge ya biya shi a rayuwarsa. Harin Faransa bai zo ba, rundunar Sluys ta watse, aka yi sulhu na wucin gadi a 1389. Shi kuwa ya riƙe tashar Brest da ke gabar Faransa a madadin sarki, ya shiga majalisar mashawartan sarki, kuma a 1392, da Richard na Biyu ya yi fushi da birnin Landan ya tuɓe magajin garin, Dalyngrigge ya naɗa ya riƙe birnin na ɗan lokaci. Sai dai bai fi shekara goma da karɓar takardar ba ya rasu. Bai ga ranar da sarkin ya sa aka sare kan ubangidansa na Arundel a 1397 ba.

Daga nan tarihin gidan ya koma tarihin takardu. Ɗansa, Sa John, ya mutu a 1408 bai bar baya ba. Matarsa Alice ta riƙe gidan fiye da shekara talatin, sannan ya koma hannun wani ɗan uwansu. A 1470 zuriyar maza ta Dalyngrigge ta yanke, gidan ya bi ta wajen mace, Philippa, ya faɗa hannun dangin Lewknor da ta aura a cikinsu. Yadda aure ya kawo ƙasar haka aure ya fitar da ita, shekara 85 kacal bayan takardar farko.

Sau ɗaya aka nufi Bodiam da runduna a zamanin da yake gidan zama, kuma ba Faransawa ba ne. A 1483 Sa Thomas Lewknor ya shiga tawayen da aka yi wa Sarki Richard na Uku. Tawayen ya rushe, aka ayyana shi maci amanar ƙasa, sarki ya ba da umarnin a tara mutane a kewaye Bodiam. Ba a daɗe ba gidan ya koma hannun sarki, aka naɗa wani Nicholas Rigby ya kula da shi, kuma masana na ganin miƙa wuya aka yi ba tare da dogon faɗa ba. Masu cewa ginin ado ne kan kafa hujja da wannan. Ni ban ga hujja a ciki ba, domin mutumin da tawayensa ya riga ya mutu, sarki kuma ya ƙwace sunansa da ƙasarsa a takarda, me zai zauna yana karewa a bayan ruwa? Shekara biyu bayan haka Richard na Uku ya faɗi a fagen Bosworth, Henry na Bakwai ya hau, aka soke hukuncin, gidan ya koma wa dangin Lewknor. Alƙalami ya karɓe, alƙalami ya mayar.

Bayan rasuwar Sa Roger Lewknor a 1543 aka raba gadon, ƙasar ta yi ta yawo a hannu daban-daban har dangin Tufton suka sake haɗa ta. John Tufton, mai sarautar Thanet, ya goyi bayan Sarki Charles na Ɗaya a yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642. Majalisa ta ci shi tarar fam 9,000, shi kuma a 1644 ya sayar da Bodiam a kan fam 6,000 ga Nathaniel Powell, mutumin ɓangaren majalisa, don ya samu abin biya. A wannan ƙarni ne cikin gidan ya zama kango. Rufi ya tafi, ɗakunan ciki suka rushe, gadoji suka ɓace, bangon waje da hasumiyoyi kaɗai suka tsaya. Dangin Webster da suka saye shi a 1722 kango suka saya, kuma a zamaninsu ne masu zane da 'yan yawon buɗe ido suka fara zuwa kallon bangon da ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe.

Mutum uku ne suka hana kangon zama wurin ɗibar dutse, kuma biyu daga cikinsu labarinsu ba ya daɗin faɗa gaba ɗaya. Na farko John Fuller, tsohon ɗan majalisa daga Brightling da ke kusa, ya saye shi a 1829 a lokacin da ake maganar rushe shi. Dukiyar Fuller wani babban kasonta daga gonakin rake na Jamaika ta fito, inda bayi 'yan asalin Afirka ke aiki, kuma shi kansa ya tsaya a majalisa yana kare cinikin bayi. Ba zan iya kallon ganuwar Bodiam in manta da wannan ba. Gumin manoman Faransa ya taimaka aka ɗora ta, gumin bayin Jamaika ya taimaka ba ta faɗi ba. Na biyu George Cubitt, ɗan gidan wasu manyan magina na Landan, wanda ya yi gyare-gyare a ƙarni na sha tara.

Na uku shi ne Lod Curzon, wanda ya mulki Indiya a madadin sarautar Birtaniya daga 1899 zuwa 1905, ya raba lardin Bengal gida biyu a shekararsa ta ƙarshe, abin da ya tayar da ƙura mai yawa. Mutum ne mai tsananin son tsofaffin gine-gine. A Indiya ya kashe kuɗi wajen gyaran Taj Mahal, a Ingila ya ceto kagarar Tattershall daga masu son ɓalle kayanta su sayar, ya kuma taimaka aka yi dokar kare kayan tarihi ta 1913. Ya sayi Bodiam a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1919 kuma ya fara aiki. Ya sa aka zubar da ruwan gwalalon, aka kwashe taɓo, aka tono harsashin tsofaffin gadojin katako, wanda shi ne ya tabbatar da yadda hanyar shiga take a da. Ya gyara bango, ya share itatuwan da suka tsare ido, ya mai da ruwan. Bodiam da ake gani a hoto yau, tsaf-tsaf a tsakiyar ruwa da koren fili, rabinsa idon Dalyngrigge ne rabinsa idon Curzon. Da ya rasu a 1925 ya bar wa ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi, gidan cikin wasiyyarsa, ita ce ke riƙe da shi har yanzu, kuma jikokin waɗanda da can daga ƙetaren ruwa kawai suke kallo yanzu tikiti suke saya su ratsa zauren.

A 1940, da Ingila ta sake zaman jiran hari daga ƙetaren teku, wannan karo daga Jamus, sojoji sun dubi kwarin Rother suka ga abin da takardar 1385 ta gani, wato hanya ce da maƙiyi zai iya bi ya shigo cikin ƙasa. Suka gina wani ɗan ƙaramin ɗakin kankare na masu bindiga a filin gidan, don tsaron gadar da ke kan kogin. Yana nan har yau, tafiyar 'yan mintuna daga bakin gwalalon.